Sukari a Cimarmu: Abin da Na Gani a Ƙasar Tofa

Bahaushe bai taɓa ƙin zaƙi ba, amma kuma bai taɓa sakin jiki da shi ba. Duk wanda ya lura da harshenmu zai ga haka. Idan aka ce mutum yana da zaƙin murya yabonsa aka yi, idan kuwa aka ce zaƙin baki gare shi, to, gargaɗi ake yi a yi hattara da shi. Masu iya magana sun ce zuma ga zaƙi ga harbi, sun kuma ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Har akwai cutar da tsofaffin mata suke kira zaƙi, wadda suke jin tana kama mai ciki idan ta yawaita lashe-lashe, shi ya sa suke ɗura mata jiƙe-jiƙe masu ɗaci. Likitocin zamani ba su tabbatar da wannan ra'ayi ba, sai dai yana nuna mana cewa tun kafin zuwan asibiti iyayenmu suna kallon zaƙi a matsayin baƙon da ake karɓa da murna, amma ba a barinsa ya daɗe.

A ƙasar Tofa aka haife ni, yamma da birnin Kano, a nan na yi ƙuruciya, a nan kuma na shafe shekaru ina koyarwa. A tsawon wannan lokaci na ga yadda baƙon nan ya zama ɗan gida. Harshenmu yana nan yadda yake, hanyar da zaƙi yake bi ya iso shi ita ce ta sauya, sauyin kuwa ya zo da ciwo.

Lokacin da muke yara, zaƙi yana da lokacinsa kamar yadda shuka da girbi suke da nasu. Ƙasarmu ƙasa ce ta gona bayan gona, babu wani daji na a zo a gani, amma manoma ba sa sare itatuwa masu amfani a tsakiyar gonakinsu. Da bazara mukan sami ɗorawa, mu lashi garinta har bakinmu ya yi rawaya, sa'annan mangwaro ya nuna. Idan damina ta yi nisa sai ɗinya ta faɗo, a sha, a kuma dafa maɗi da ita. Da kaka ga takanɗa a gefen gona, da sanyi kuma ga magarya da kanya da rake. Zuma sai an shiga kasadar harbi, mazarƙwaila kuwa, wadda ƙasar Maƙarfi ta yi suna wajen yinta, sai ranar kasuwa, shi ma ɗan guntu. Nakiya da alkaki abincin biki ne da suna da salla, yaro yana iya ƙirga ranakun da ya ci su a shekara.

Abubuwa uku ne suka yi wa zaƙin wancan zamani linzami. Na farko lokaci, domin idan kakarsa ta wuce sai baɗi. Na biyu wahala, domin mai shan rake sai ya ɓare ya tauna ya tofar, kafin ya gama sanda guda muƙamuƙinsa ya gaji. Na uku kuwa shi ne zaƙin yana zuwa ne a naɗe cikin tsoka da ɓawo da ƙwallo, ciki ya cika kafin a wuce ƙima. Bayan haka jikin da zaƙin yake shiga jiki ne mai aiki. Maza suna noma da fartanya, suna zuwa kasuwa a ƙafa ko a kan keke, mata kuma suna surfe da daka da niƙa da jan ruwa a rijiya. Kakarmu takan dama fura da nono da kayan yaji kaɗai, idan na nemi a sa mini wani abu mai zaƙi sai ta ce, "Maigida, fura ai da garɗinta ake shanta."

Farin sukari ya tsinke waɗannan linzamai duka. Ɗalibin Hausa zai so ya san cewa kalmar sukari aro ce daga Larabci, Larabawa kuma daga Farisa suka karɓe ta, asalinta kuwa ƙasar Indiya, inda aka fara dafa ruwan rake har ya daskare. Daga baya Turawa suka buɗe manyan gonakin rake a Birazil da tsibiran Karebiyan, suka noma su da gumin bayin da aka kwasa daga Afirka. A nan Nijeriya an kafa kamfanin sukari na Bacita cikin shekarun 1960, na Numan ya biyo baya, sa'annan kamfanin Dangote ya buɗe babbar matatarsa a Apapa ta Legas. Mafi yawan ɗanyen sukarin da ake tacewa daga Birazil jiragen ruwa suke kawo shi. Daga Legas ya hau manyan motoci zuwa kasuwar Singa a Kano, daga Singa kuma ya bazu zuwa shagunan Tofa da Lambu da Janguza da Langel, inda ake auna shi a kwano da gwangwani, ko a ƙulla shi a leda daidai kuɗin mai saye. Ba shi da kaka, ba a tauna shi, ba ya cika ciki.

Abin da ya fi ba ni tunani shi ne ƙofar da ya bi ya shigo, wato ƙofar karamci da zumunci. A da idan baƙo ya zo ruwan randa da fura ake kawo masa. Yau idan ba a aika an sayo masa lemon kwalba ba, sai maigida ya ji kamar ya wulaƙanta shi. Mai zuwa duba mara lafiya lemo yake riƙowa. Idan azumi ya gabato sukari yana cikin kayan da ɗa yake kai wa iyayensa, suruki kuma ya kai gidan surukansa. Uwa tana son ɗanta ya sha koko kafin ya tafi makaranta, sai ta ƙara masa sukari don ya shanye. Mai shayi yana tsoron a ce shayinsa salam ne, sai ya cika hannu. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke nufin sharri. Wannan ne ya sa maganar take da wuya, domin wanda ya ce a rage sukari sai a ɗauka rowa yake koya wa mutane.

Saboda haka na ga ya fi kyau a bar gardama a koma ga lissafi. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga cimarsa ta yini, ta kuma ce idan aka sauko ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga babban mutum matsakaici, kashi 10 yana kama giram 50, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi 12, kashi 5 kuwa giram 25, wato cokali 6. Ƙaramin cokali shafaffe yana ɗaukar wajen giram 4, babban cokali na cin abinci kuwa ya ninka shi uku. Cikin wannan lissafi hukumar ta sa zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse, amma ba ta sa 'ya'yan itacen da aka ci ɗungurungum ba, haka nan zaƙin da ke cikin madara tun asali.

To, mu ɗauki yinin wani matashi irin waɗanda nake gani kullum. Da safe ya sha koko da cokali 3. Da hantsi ya zauna teburin mai shayi aka zuba masa abin da bai gaza cokali 4 ba, ban da burodin da shi ma akwai sukari a ƙwaɓinsa. Da azahar ya sha fura da cokali 3. Da la'asar rana ta dake shi, ya sayi ƙaramar kwalbar lemo mai santilita 35, wadda takan ɗauki wajen cokali 9. Jimla cokali 19 ke nan, bai taɓa alewa ba, bai taɓa biskit ba, kuma idan ka tambaye shi zai rantse shi ba mai shan zaƙi ba ne.

Me wannan yake yi wa jiki? Duk abincin da ke ba da ƙarfi, kamar tuwo da shinkafa da rogo, idan ya narke yakan koma wani nau'in sukari ya shiga jini. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci suke kira fankiriyas, ita take fitar da sinadarin insulin, wanda yake buɗe wa sukari hanya ya bar jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Abincin da ke da dusa da ganye a hankali yake narkewa, sai sukari ya riƙa shiga jini kamar yayyafi. Wanda aka narkar a ruwa kuwa kamar ambaliya yake shiga. Abin da jiki bai ƙona ba sai ya mai da shi kitse ya tara, musamman a ciki. Idan aka ɗauki shekaru a haka, ga ƙiba ga rashin motsa jiki, sai jiki ya rage jin insulin, sukari ya taru a jini yana lalata ƙananan hanyoyin jini na ido da ƙoda da ƙafa, yana kuma share fagen ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wannan shi ne ciwon sukari nau'i na biyu, wanda ya fi yawa. Gado yana da hannu a ciki, shekaru ma haka, saboda haka kuskure ne a ce duk mai ciwon kwaɗayinsa ne ya ja masa. Akwai ma nau'i na ɗaya da yakan kama yara, wanda ba shan zaƙi ke kawo shi ba. Amma gado da shekaru ba a hannunmu suke ba, cokali kuwa a hannunmu yake. Haƙora su suke fara biyan bashi, domin ƙwayoyin cutar da ke baki suna cin sukari su fitar da tsamin da ke huda haƙori.

Na ga wannan ciwo a gidanmu. Wani kawuna manomi ne ƙaƙƙarfa, da Allah ya buɗa masa sai ya bar gona wa yara, ya buɗe shago ya sayi babur. Daga safe zuwa dare yana zaune, shayi sau uku, lemo kuwa ga shi a gefensa. Ya yi ƙiba mutane suna cewa hutu ya karɓe shi. Bayan wasu shekaru sai ƙishirwa ta addabe shi, ya riƙa tashi fitsari sau da yawa cikin dare, ya fara ramewa alhali yana ci. Wasu suka ce shawara ce, wasu suka ce sammu. An sha saiwoyi da sassaƙe kusan shekara guda. Wata rana ƙaya ta soke shi a ƙafa bai ma ji ba, ciwon ya ƙi warkewa har ya fara wari. Da aka kai shi asibiti a Kano aka ɗiga jininsa a ɗan ƙaramin na'ura, cikin minti guda aka gane abin da ke damunsa. An ceci ƙafar, amma an cire yatsu biyu, ganinsa kuma bai koma daidai ba. Kuɗin magani ya cinye jarin shagon. Ranar da na je gaishe shi na tarar da katan-katan na lemo da masu dubiya suka tara a gefen gadonsa, ya nuna mini su ya ce, "Malam, ka ga abin da ya kwantar da ni, shi ake kawo mini gaisuwa da shi."

Irin kawuna suna da yawa. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da ciwon a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a yankin Afirka, miliyan 3.6 a Nijeriya, kuma fiye da rabin na Afirka ba su san suna da shi ba. An ware ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara domin tunatarwa a kansa. Gwamnatoci ma sun fara motsi. Meziko ta sa wa lemon zaƙi haraji a 2014, Birtaniya da Afirka ta Kudu suka bi a 2018, Nijeriya kuma a dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora naira 10 a kan kowace lita. Sai dai haraji ba ya shiga madafa, ba ya zama a teburin mai shayi. Can ilimi ne kaɗai yake isa.

Akwai wasu zato da ya kamata malami ya san amsarsu. Wasu suna jin idan an bar farin sukari an koma zuma ko mazarƙwaila an tsira. Gaskiya ne sun fi shi ƙamshi da garɗi, amma a cikin jini duk zaƙi ne, sai an auna su, jaririn da bai cika shekara ba kuwa ba a ba shi zuma sam. Wasu suna jin shan abu mai ɗaci yana wanke zaƙin da aka sha, alhali ɗaci a harshe yake tsayawa, mai ciwon da ya bar maganin asibiti ya dogara da jiƙo yana wasa da ransa. Wasu kuma sun ji cewa tun 2002 doka ta wajabta ƙara bitamin A a cikin sukarin da ake sayarwa a ƙasar nan, sai suka mai da shi abin gina jiki. An yi haka ne domin amfanin ya kai ga kowane gida, amma ana samun wannan bitamin a manja da karas da mangwaro da gwanda da zogale. Kada kuma a wuce gona da iri a mai da sukari guba. Yaron da gudawa ta kama, ruwan gishiri da sukari da aka haɗa bisa awo yana ceton ransa, mai ciwon sukari da maganinsa ya yi masa yawa har jiri ya kama shi, ɗan zaƙi ne taimakonsa na farko. Awo shi ne ya raba magani da cuta.

Na san akwai gidajen da damuwarsu samun abin kai wa baki ce, ba zaɓe ba. Wanda ya jiƙa garin rogo da sukari don ya kwana ba ya bukatar wa'azi. Amma idan aka duba da kyau, yawancin gyaran da nake nufi rage kashe kuɗi yake yi. Ruwa ya fi lemo araha. Kunun tsamiya da zoɓo da kunun aya na gida, mai yinsu ke da ikon rage musu sukari, citta da kanumfari su cike gurbin. Mangwaro ko gwaiba ko lemon ɓawo da aka ci da tsokarsa ya fi wanda aka sayo a kwali. Gyaɗa da aya da ƙuliƙuli sun fi alewa riƙe cikin yaro a makaranta. Gero da dawa da ba a tsananta surfensu ba, da wake, da ɗanwake, da kwaɗon zogale ko rama, da miyar kuka da kuɓewa, duk ƙasarmu tana ba da su, kuma su ne irin abincin da likitoci suke yaba wa. Da azumi a buɗe baki da dabino ƙwaya uku da ruwa, kada a mai da shan ruwa gasar kayan zaƙi. Yaron da bai kai shekara biyu ba kada a saba masa da sukari, domin harshe abin da aka koya masa shi yake nema. Babba kuma ya rage a hankali, mai cokali huɗu ya koma uku, bayan mako biyu ya koma biyu. Sannu ba ta hana zuwa. Na ga mutane da yawa da suka yi haka, bayan 'yan watanni shayinsu na da ya gagare su sha. Wanda ya haura shekara arba'in, ko yake da ciwon a danginsa, ya riƙa zuwa ana auna jininsa ko da lafiyarsa ƙalau.

A nan ne aikin malami yake. Wata rana na shiga aji da kwalbar lemo mai santilita 50 da ƙullin sukari da ƙaramin cokali da kofin gilashi. Na sa wata yarinya ta karanta abin da ke jikin kwalbar, ta ce giram 10 da ɗoriya a kowace mililita 100. Muka ninka sau biyar a allo, muka raba da huɗu, ya ba mu cokali 13. Na kira wani yaro ya riƙa zubawa a kofi, aji yana ƙirgawa da ƙarfi. Da aka kai goma dariya ta tsaya. Na tambaya wa zai iya cinye abin da ke cikin kofin nan a zama ɗaya, wani daga baya ya ce, "Malam, ai sai mutum ya yi amai." Daga nan na ba su jingar su rubuta insha'i a kan kayan zaƙin da kakanninsu suka sha suna yara, kowa ya je ya tambayo. Suka dawo da kalmomi irin su maɗi da takanɗa da tsada da taura, waɗanda wasunsu ba su taɓa ji ba. A darasi ɗaya an yi Hausa, an yi lissafi, an yi kiwon lafiya, kuma ban ce wa kowa ya daina shan komai ba. Bayan mako guda wata uwa ta aiko a gaya mini ɗanta ya hana ta sakat da ƙirga cokali.

Ya ku masu shirin riƙe alli, za a tura da yawanku garuruwa irin Tofa, inda ba kullum ake ganin likita ba, amma kullum ana ganin malami. Yara za su lura da abin da kuke sha lokacin tara fiye da yadda za su lura da abin da kuka rubuta a allo. Masu tallar ƙofar makaranta iyayen ɗalibanku ne da 'yan uwansu, ku ja su a jiki da lalama, ku nuna musu dafaffiyar gyaɗa da ɗanwake da gwaiba ma suna da kasuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, rigakafi kuma ya fi magani. Ba za mu iya mai da mutane zamanin ɗorawa da ɗinya ba, kuma babu mai neman haka. Abin da za mu iya shi ne mu mayar wa zaƙi linzamin da ya kuɓuce masa, ta hanyar koya wa yara su san yawan abin da suke zubawa a kofi, su kuma san cewa wanda ya tari baƙonsa da ruwan sanyi da fura mai kyau ya karrama shi.